Turken Yero

Duk wanda ya ce maku Yero ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne, ku ce ni Turai mai waina ta tashar Batsari na ce ƙarya yake yi. In kuma yana da baki, ya zo gaban kaskona ya maimaita. Gida ɗaya muka zauna da yaron nan da tsohuwarsa, na san tarinsa, na san sawun takalminsa. Ba za a gaya mani Yero ba.

Rugarsu can take bayan Ruma, gab da bakin daji. Ranar da aka kore masu shanu, da Fillanci ɓarayin suka yi masu magana, kuma da Fillancin suka zagi baffansa kafin su harbe shi. Dangin matarsa Asta suka tattara nasu suka yi kudu, suka tafi da ita. Shi ya ƙi binsu saboda uwarsa Inno, ƙafafunta ba za su kai ba. Sai ya goyo ta a babur ya shigo Batsari, da ƙullin kaya da ƙwarya biyu. Suka bi gida gida neman ɗaki, kowa ya dubi dogon hancinsa sai ya ce ɗakin da ya rage na ƙanensa ne da zai yi aure. Kai, shekarar nan ƙannen mutanen Batsari sun sha aure! Ni na ba su ɗakin marigayi mijina, don ba ni da ƙane.

Na daji suna ce mashi ya zama kaɗo, wato Bahaushe, na gari suna ce mashi ɗan daji. Shi kuwa abu ɗaya yake nema a duniya: a bar shi ya zauna cikin gari da tsohuwarsa ba mai nuna su da yatsa. Ba ya neman kuɗi, ba ya neman suna. In yaro ƙarami ya taka shi a masallaci, shi ke ba da haƙuri, har haushi yake ba ni.

Acaɓa ya fara yi. To lokacin an tsananta kan fetur, saboda ana cewa daga gari ake kai wa na daji. Bahaushe ya sha mai ya wuce, Yero ya zo a tsare shi da tambaya: ina za ka, wa za ka kai wa, jiya ma ba ka sha ba? Wata rana 'yan sa-kai suka same shi da ɗan galan da ya ajiye saboda hanyar Runka ba gidan mai. Suka sa shi ya durƙusa a rana tsakiyar tasha, galan ɗin a kansa, har azahar. Da ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya zauna bakin murhuna ya ce, “Goggo, ni da fetur har abada.”

Na ɗauka zafin rai ne. Ashe ya ji labarin wata ƙaramar a-kori-kura a Katsina, irin wadda ba ta shan mai, sai dai a yi mata caji kamar waya. Akwai 'yan shanun da suka tsira don suna hannun wani ɗan'uwansu ranar da aka yi satar. Ya kai su kara ya sayar kaf. Inno ta yi kwanaki ba ta dube shi ba.

Motar fara ce, 'yar ƙarama, mutum biyu a gaba, baya a buɗe. Ba ta da ƙara ko kaɗan, sai dai ka ji tayarta na taka tsakuwa a bayanka. 'Yan tasha suka sa mata suna Bebiya tun ranar farko. Matsalar ita ce cajar da aka haɗo ta da ita irin ta kafawa a bango ce, kuma sai da wuta mai ƙarfi. Wutar garinmu kuwa kun san ta, baƙuwa ce, in ta zo ma ba ta cire mayafi. Batir ya ƙare, Bebiya ta kwanta a ƙofar gidana, kaji suka samu inuwa. Direbobi su biyo takanas su yi sallama, su ce, “Yero, ko a kawo mata dusa ne?”

Shi ya sa ya shirya komawa Katsina neman cajar da ake yawo da ita cikin mota, wadda za a iya jonawa a janareton mai niƙa ko solar mai cajin waya a ƙauye. Ni ma ina da sayayya, ina kuma son ganin ɗiyata Rashida, sai muka hau mota ɗaya. Saboda haka abin da ya faru a shagon nan ba labari aka ba ni ba, ina zaune kan benci da buhun shinkafata.

Mai shagon saurayi ne, Mubarak, mai bakin ciniki amma ba maƙaryaci ba. Ya fito da caja iri-iri ya jera. Yero bai yi boko ba, amma mutumin da ya saba sayen saniya ya san a duba haƙori. Ya tambayi tsawon waya. Ya tambaya ko tana jure ƙura da yayyafi. Ya tambaya ko ana iya rage mata ci, don kada ta shaƙe ƙaramin janareto. Wata mai saurin cikawa da Mubarak ke ta yabo, Yero ya ji ƙarfin wutar da take nema ya ture ta gefe, ya ce wannan ta 'yan birni ce. Aka tankaɗe aka rairaye, saura biyu. Ɗaya baƙa ce mai nauyi, ɗaya ruwan goro, sakayau, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba.

Yero ya ce, “To mene ne bambancinsu, Malam?”

Mubarak ya ɗaga baƙar ya ce, “Wannan tana da taurin kai. Ba ta sakin wuta sai ta ji an haɗa wayar ƙasa. In ba ta ji ba, jar fitila za ta kunna maka ta yi zamanta. Janareton ƙauye kuwa ba mai yi mashi wayar ƙasa. Sai ka kafa ƙarfe cikin ƙasa, ka ja waya daga jikin injin ka ɗaura, ka zuba ruwa wurin ya jiƙe. Da rani ka ƙara da gishiri da gawayi. Ita ko mai ruwan goron ba ta tambaya, ka jona ta sha. Kowa ita yake ɗauka.”

“To don me waccan ke wahalar da mutum?”

“Saboda tsaro. In waya ta goge a ciki, ko ruwa ya shiga, wutar jikin mota take bi. Da wayar ƙasa sai ta zurare, cajar ta yanke. In babu, to duk wanda ya dafa motar ba takalmi shi ne hanyar. Babba zai ji an fizge shi, ya yi tsalle ya ɗura ashar. Yaro kuwa sai yadda Allah ya yi. Amma fa ba kullum ke faruwa ba.”

Na ce, “Kai Yero, ɗauki mai arahar mu tafi, rana na yi. Wa ya ce maka za ka iya yawo da guduma kamar maƙeri?”

Ya riƙa juya baƙar a hannu. Can ya ce, “Goggo, kin san yaran ƙauye da mota. Kafin ka kashe ta sun baibaye ta. Wani ya hau baya, wani ya leƙa madubi, wani har lasar ƙofa yake yi. Kuma ba mai takalmi cikinsu. Ɗiyan mutane ne.”

Na ce, “Ɗiyan mutanen da suka hana ka ɗaki?”

Ya yi 'yar dariyarsa ta ƙasa-ƙasa, ya miƙa wa Mubarak baƙar ya ce a sa mashi a leda. Na yi tsaki har mai shagon kusa ya leƙo. A hanyar dawowa ya tsaya wurin masu rodi aka yanka mashi guntaye, kowanne ya kai tsawon hannu da rabi, aka feƙe masu baki.

Na farko a gidana ya kafa shi, bayan madafi, kusa da ɗan janareton da muke haɗa kuɗin mai da maƙwabta. Ya buga, ya ɗaura waya, ya zuba ruwa. Fitila ta yi ja, ta yi ja, sai ta koma kore. Wallahi yaron nan tsalle ya yi. Ya kira Inno ta zo ta gani. Ta dubi ƙarfen, ta dubi wayar da ta tafi har jikin motar, ta ce da 'yar Hausarta, “Ashe ita ma sai an ɗaure ta take ci.” Daga ranar ta fara ce wa motar nagge, wato saniya, ta kuma koma yi mashi magana. Sunansa ne dai ba ta faɗa, don ɗan fari ne. Sai dai ta ce “wancan”, ko “mai naggen”.

Allah Ya sa wa abin albarka. Bebiya ba ta gudu, amma ba ta shan mai, saboda haka kuɗinsa bai kai na sauran direbobi ba. Ya ɗauki gero da dankali daga ƙauyukan Ruma, ya kai taki Runka, ya leƙa har wajen Babban Duhu ranar da hanya ta yi sanyi. Mai naƙuda in an buga mashi ƙofa ba ya tambayar kuɗi sai an sauka lafiya. Gawa kuwa kyauta yake kaiwa, ya tsaya a yi salla da shi. Duk ƙauyen da ya saba yini, yakan jona a wurin mai niƙa ko mai cajin waya ya biya su. Da yake zare rodi daga jar ƙasar nan aiki ne, sai ya riƙa barin kowanne a wurinsa, in ya dawo ya ɗaura waya kawai. Yara na rige-rigen ɗebo mashi ruwan zubawa don ya zaga da su bayan gari. Su suka sa wa ƙarfen suna turken Yero. Shi ma yakan ce, “Na rasa garke, amma turke kam ina da shi a kowane gari.” Ya yi ƙiba. Ya saya wa Inno katifa, ni kuma ya kawo mani sabon kasko ba tare da na roƙa ba.

Bayan kaka aka shiga Tungar Makera, aka kwashi mata, aka ƙone rumbuna. Ta wajen injin niƙa, inda turken yake, ɓarayin suka shigo, don nan hanyar take. Ba a jima ba aka shiga Garin Lalle. To jama'a, ku gaya mani, wane ƙauye ne ba a shiga ba a ƙasar nan? Waɗanda Yero bai taɓa takawa ba an shige su, wasu har sau nawa. Amma su ba wanda ya lissafa su. Sai aka wayi gari ana raɗa a tasha cewa duk inda aka yi ɓarna akwai turken Yero.

Na san bakin da maganar ta fito. Direbobin da fasinja ya guje masu ne, ina soya waina ina jinsu. Wani ya ce ƙarfen na da abin da ke nuna wa ɓarayi gari a wayarsu. Wani ya ce a'a, asiri ne na Fulani, ba ku ga gishiri da gawayi ba, ɗaure gari yake yi barci ya kwashe maza. Sai ka ga mutum ɗaya ya yarda da duka biyun, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na ce masu, “Ku ji tsoron Allah, zato zunubi ne.” Suka ce, “Baba Turai, ƙaro mana yaji.”

Na tare Yero a gida na ce, “Tashi ka koma Katsina ka sayo mai ruwan goron nan. Ka bi ka tuge ƙarafunka tun muna da sauran mutunci.”

Ya ce, “In na tuge yanzu, cewa za a yi ɓoye shaida nake. Gara in nuna masu, Goggo. In sun gani da idonsu za su gane.”

Oh ni Turai! Yaro mai hankali, amma bai san mutane ba. Ya je ya gai da mai unguwa, ya roƙi a tara jama'a a tasha. Ya kafa rodi, ya jona, ya zuba ruwa, fitila ta yi kore. Ya kwance wayar, ta yi ja. Ya mayar, ta yi kore. Ya yi bayani dalla-dalla da Hausar da ta fi tawa, ya ce saboda yara ne, kada wuta ta ja su. Sai wani daga baya ya ce, “To kun gani dai. Ashe magana take yi da ƙasa.” Aka watse a kan haka. Ya gudu daga fetur don kada a zarge shi, ga inda gudun ya kawo shi.

Shugaban 'yan sa-kan wajenmu Armaya'u ne. Ban ce bai ga bala'i ba, a Garin Lalle aka kashe ƙanensa, shi ya ɗauko gawar a kafaɗa. Amma wanda ya sha duka a daji ba shi da izinin ramawa a kan wanda ya samu a tasha. Ranar kasuwa da hantsi ya zo da mutanensa, bindigogi a rataye. Yero na zaune kan bencina, ya kai loma ta biyu ke nan.

Armaya'u ya ce, “Tashi ka ja motarka. Yau za ka bi ka cire abin da ka shuka.”

Na miƙe da cokalin suya a hannu. Na ce, “Armaya'u, ni na san ranar da aka yanke maka cibi. Ina cikin shagon da aka sayi abin nan. Ga lambar mai shagon, kira shi ka ji. Saboda 'ya'yanku ya ɗauki mai wahalar, ja'irai marasa godiya!”

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Baba, wainarki na ƙonewa.”

Wani ya ce, “Ai dole ta kare shi, a gidanta yake.”

Na juya na dubi tasha. Cike take maƙil. Ga wanda Yero ya kai matarsa asibiti jini na zuba, ga wanda ya kai gawar ubansa kyauta, ga limamin da yake bi salla sahun gaba. Kowa ya samu abin dubawa a ƙasa. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka. Yero ya ajiye kwanon, ya wanke hannu, ya ce mani a hankali, “Goggo, ki ce wa Inno na tafi aiki.” Suka cika bayan Bebiya har tana taɓa ƙasa, ta fita daga tasha ba ƙara.

Sauran daga bakin Sadiq na ji, mai injin niƙa na Kwanar Dunya, ƙauyen da suka isa ƙarshe. Ya ce ba su ba shi diga ba, ba su ba shi fartanya ba. Da hannu suka ce ya tuge, tunda da hannu ya kafa. Rodin ya sha gishiri ya yi tsatsa, ƙasa ta kama shi gam. Kowane gari sai a tara mutane su kewaye shi, yana durƙushe yana girgiza ƙarfe, yana tona da farce. Mata na tofa mashi yawu. Yaran da ke ɗebo mashi ruwa iyayensu suka ba su tsakuwa. Sadiq ya ce da suka iso wurinsa bayan la'asar, tafin hannun Yero babu fata, sitiyarin duk jini.

Ya tuge na Kwanar Dunya, aka jefa bayan mota tare da sauran. Aka ce a juya gida. Bebiya ta ɗan matsa ta tsaya, batir ya ƙare, ga lodi ga yinin tafiya. Yero ya ce sai an yi caji. Aka tura ta jikin injin Sadiq, ya jona baƙar cajarsa. Fitila ta kawo ja.

Ya ce, “Ku yi wa Allah ku bar ni in mayar da ƙarfe ɗaya. Na ɗan lokaci ne. In ta sha, ni da kaina zan cire.”

Armaya'u ya juya ga jama'a ya ce, “Kun ji ko? A gabanmu ma.”

Jar fitilar na ta ƙiftawa. Wani ya ce kiran na daji take yi, yanzu za su fito. Mata suka fara kwashe yara, gari ya ruɗe. Sadiq ya ce sai ya ga Yero ya kama bakin wayar ƙasan da hannunsa mai jini, ya danna ta cikin laka gindin duron ruwan injin, ya kwanta a kanta da ƙirjinsa, yana kallon cajar yana cewa, “Yi kore, don Allah yi kore.” Ba ta yi ba. Abin da ya zaɓe ta dominsa shi ta yi mashi, ta ƙi sakin wuta.

Suka ɗaga shi suka zaga da shi bayan duwatsu. Na ce wa Sadiq, “Sai me?” Ya ce shi bai ji komai ba, injinsa na aiki. Na ce, “Ai dama ranar nan injin kowa na aiki.”

Washegari shanun huɗa suka jawo Bebiya zuwa Batsari. Ba a kawo gawa ba. Aka ce wai ya kuɓuce ya gudu daji wurin 'yan'uwansa, kuma wannan ma shaida ce. Baƙar cajar suka fasa da dutse a tsakiyar tasha suna neman layin waya a ciki. Ba su samu ba, sai suka ce ya riga ya cire. Hare-hare kuwa ba abin da ya ragu, ko sati ba a yi ba aka sake shiga Tungar Makera. Ban ji wanda ya ce ashe ba turken ba ne.

Motar an ce shaida ce, aka ajiye ta. Shaida ta yi wata guda a rana, sai ga Jamilu, ɗan ƙanwar Armaya'u, yana ɗaukar fasinja da ita. Shi ma Katsina ya je, ya sayo mai ruwan goron. Da damina ta sauka sai aka fara cewa Bebiya na cizo. Ta kashe akuyar mai shayi. A wani ƙauye ta yar da wata 'yar yarinya, har yau yatsunta a naɗe suke. Yanzu in an jona ta a tasha sai ka ji iyaye mata na ihu, “Ku matsa daga jikin motar nan!” Direbobi na dariya. Ni kuwa sai in ɗaga murya in ce, “Da can ba ta cizo.”

Na gaya wa Inno ya tafi aiki, kamar yadda ya ce. Ba ta sake tambayata ba, ni ma ban ƙara ba. Ta sani, uwa ce. Turken gidana shi kaɗai ya rage, sun manta da shi, na kife tsohon turmi a kansa. Sai na lura kullum da safe in ta gama alwala, takan lallaɓa da sandarta bayan madafi, ta ture turmin, ta juye sauran ruwan butar a gindin ƙarfen.

Na ce, “Inno, ki rufa mana asiri ki bari. In aka gani mun shiga uku.”

Ta ce, “Kada wancan ya dawo ya tarar ƙasar ta bushe.”

Na ɓoye butar, ta ɗebo a ƙwarya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Daga baya na ƙyale ta, don ban ga abin da ya rage mata ba in ban da wannan. Katangata kuwa gajera ce, kuma Allah Ya haɗa ni da maƙwabciya mai dogon wuya.

Mai unguwa ya zo da rana tsaka, Armaya'u na bayansa. Suka wuce kai tsaye bayan madafi, aka ture turmi. Ga ƙarfe, ga ƙasa jiƙe sharkaf. Aka fito da Inno tana dogara sanda.

Mai unguwa ya ce, “Tsohuwa, wannan na wane ne?”

Ta ce, “Na wancan ne.”

“Wancan wa? Ba shi da suna?”

Na ce, “Haba ranka ya daɗe, ɗan farinta ne, ka san ba ta faɗa.” Armaya'u ya ce sai ta faɗa, don a san ta san abin da take shayarwa. Tsohuwar nan ta daɗe tana kallon ƙarfen. Sannan ta ce, “Na Yero ne.” Tun da nake da ita ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, kuma a gaban wanda ya zaga da shi bayan dutse. Allah Ya isa, wallahi Allah Ya isa.

Suka tuge ƙarfen da diga, su da suka san diga. Aka ce ta bar gari kafin kasuwa ta zagayo. Na zage su tas, na ce gidana ne, sai dai a fitar da mu tare. Mai unguwa ya ce wannan ma mai sauƙi ne. Inno ce ta dafa ni ta ce in bari, tana da 'yar ƙanwa a wata ruga gaba da Babban Duhu, in suna nan. Ba ta ɗauki katifar ba. Ƙullin da ta zo da shi ta ɗaure, da ƙwaryarta biyu.

Na raka ta tasha da safe. Na bi layi ina tambayar mai zuwa wajen, kowa ya ce hanyar ba kyau, mota ɗaya ce ke shiga yau. Aka nuna mani ita, ashe Bebiya ce, can jikin shagon mai cajin waya, a jone, wayar ruwan goro na jan ƙasa cikin laka. Kafin in ankara Inno ta saki sandarta ta nufe ta, ta miƙa tafin hannu za ta shafa ƙofar, ƙafarta ba takalmi. Na yi kukan kura na fizge ta har muka kusa faɗuwa.

Ta dube ni da mamaki ta ce, “Ba ta cizo. Wancan ya ce ba ta cizo.”

Jamilu ya taso daga wurin mai shayi yana sakace haƙori. Ya zare cajar, ya nannaɗe, ya dubi tsohuwar sama da ƙasa, ya tambayi inda za ta sauka, ya faɗi kuɗin mota. Na zaro nawa daga lalita, Inno ta ture hannuna. Ta kwance bakin zanenta ta miƙa mashi abin da ke ciki. Ya duba ya ce wannan na mutum ne kawai, ƙullin kayan ma sai an biya mashi. Ta sunkuya ta fara kwance ɗaya bakin zanen.